Angon da Motarsa Ta Mutu a Kwanar Dangora

Duk wanda ya ce maka zafi ne wahalar Dubai, bai taɓa zuwa garin da mawaƙiya ba. Zafin yana waje, idan ka shiga ɗaki ya ƙyale ka. Sanyin esi, na'urar sanyaya ɗaki, shi ne mugun. Yana cikin tasi, yana cikin bas, yana cikin shago, har rumfar jiran bas sun sa mata ƙofa sun cika ta da sanyi kamar za a ajiye kifi. Kafin mu fito daga filin jirgi, matata Rifkatu ta naɗe wuyanta da ɗankwali biyu da tawul ɗina, ta koma kamar wadda aka yi wa ɗori.

Sunana Ishaya, amma a Wusasa an fi sanina da Baban Godiya mai fiyano. Babu bikin da aka yi daga Zariya zuwa Kafanchan da ban kaɗa ba, in ma akwai, to auren bai je ko'ina ba. Rifkatu kuwa ita ke jan waƙa a cocinmu tun kafin in san hanyar gidansu. Ni waƙar soyayya, mai sanyin nan da ake rausaya a hankali, ita waƙar bishara. Da muka yi aure sai waƙoƙin ma suka auri juna, muka riƙa yin su tare a wajen biki, baiti nata baiti nawa, har mutane suka daina tambayar wacce ce ta coci wacce ce ta amarya.

Abin da ya fitar da mu daga gida shi ne maƙogwaronta. Likita ya leƙa ya ce akwai ɗan tsiro a inda murya ke fita, sai an yi aiki, kuma bai yi mana alkawarin muryar za ta dawo yadda take ba. Rifkatu ta ce kafin a sa mata wuƙa tana so a ɗauki muryarta da tawa a faifai guda, mai kyau, wanda 'yarmu Godiya za ta kunna wa 'ya'yanta. Akwai situdiyo a Kaduna, akwai a Jos. Amma wani mai suna Garba Sauti ya turo mini hotonsa zaune a kan jar kujera, gabansa na'ura mai maɓallai kamar gaban jirgin sama, ya ce nasa ne a Dubai. Ni kuma mutum ne mai son abu ya yi girma.

Masaukinmu na farko a unguwar Al Ras yake, saman wani shagon kayan ƙamshi. Ɗakin, idan zan miƙe ƙafa sai na nemi izinin bango. Kanumfari da barkono suna hawowa ta ƙarƙashin ƙofa, na yi atishawar da za ta ishe ni har tsufa. Garba ya zo washegari cikin farar jallabiya yana ta "yalla, yalla", wato a yi sauri, ya shanye mana shayi, ya karɓi cikon kuɗin aikin da muka yi ciniki da shi, ya ce akwai wani babban mawaƙi a situdiyon yanzu, sai jibi inshallah. Jibi ta yi ya ce gata. Daga nan wayarsa ta koyi Larabci. Duk lokacin da na kira wata mata ce ke ɗauka, ta yi mini dogon bayani, sannan ta maimaita da Turanci cewa ba a samun mai lambar.

Na shiga gari da hoton ina nuna wa duk mai kama da ɗan gida. Wani ɗan Nijar mai lodin kaya a bakin ruwa ya kalla sau ɗaya ya ce, "Wannan ai kasuwar 'yan China ce ta International City. Ku shiga layin masu lasifika."

Muka hau bas, muka sauka, muka sake hawa wata. Kasuwar nan idan ka shige ta kana saurayi, da jikoki za ka fito. Mun yi tafiya a cikinta har takalmina ya fara roƙona gafara. Can muka ga jar kujerar, ga na'urar mai maɓallai, kowace da takardar farashi manne a jiki. Shagon sayar da kayan sauti ne. Matar da ke tsaron shagon ta kalli hoton ta yi dariya, ta nuna mana da hannu cewa kowa ma yana zama ya ɗauka, mu ma bismilla. Rifkatu ta zauna a kan kujerar, don ƙafafunta sun kumbura. 

Dama tun daga gida likita ya hana ta yawan magana, ya ce ta adana muryar don abin da ya kawo ta. To ka duba halin da nake ciki: mutum mai surutu irina, a ƙasar da bango ma ba ya jin Hausa, ga mace ɗaya da ke gane barkwancina an rufe mata baki. In yi abin dariya, ta ɗaga gira. In yi wanda ya fi shi, ta ɗaga ɗaya girar. A shagon nan kuwa ko girar ba ta ɗaga ba.

Mun koma Al Ras da yamma muka shiga wani gidan abinci inda ake tuwon shinkafa da miyar kuka. Ina zaune na zuba wa kwano ido, sai wani dattijo a teburin gefe ya ce, "Malam, lafiya kake kallon tuwo kamar ya zage ka?"

Shi ne Alhaji Sabo, Bakano, mai tura kaya gida a kwantena. Ya tambaye mu abin da muke sarowa.

Na ce, "Alhaji, mu ba fatake ba ne. Ni makaɗi ne, matata kuma ita ce shugabar kwaya a garinmu."

Alhaji ya mayar da lomar da ya ɗauko cikin kwano. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ja kujerarsa baya. "Shugabar me? Bawan Allah, a Dubai kake faɗin wannan da ƙarfi? Ka san abin da ake yi wa masu ƙwaya a garin nan?"

"Kwaya, Alhaji, ta coci. Masu waƙa."

Ya yi dariya har ya sarƙe, sai da aka ba shi ruwa. "Wallahi Fasto, na fara duba ta ƙofar da zan fita." Na ce masa ni ba fasto ba ne, ko dattijon coci ba a taɓa zaɓena ba saboda bakina. Bai ji ba. Har muka bar ƙasar Fasto nake.

Da ya ji labarin Garba bai yi mamaki ba, ya dai girgiza kai ya ce khalas, a bar shi da Allah. Shi ya samo mana wurin kwana mai sauƙi a International City, falo ne aka raba da katako, mu a wannan gefe, wasu 'yan Nepal a wancan. Idan ɗayansu ya juya a gado, ni nake cewa sannu. Ranar Lahadi na farka ina jiran ƙararrawar cocinmu, sai injin wankin maƙwabta ya amsa. Na yi kewar kunun gyaɗa, na yi kewar ƙarar janareta, har akuyar maƙwabcinmu mai cinye mana shanya na tuna da ita da alheri. Alhaji ya aiko wa Rifkatu zuma da citta, ya ce a gaya wa Maman Godiya ta riƙa sha da ruwan ɗumi. Sannan ya ce kusa da sitonsa a Al Quoz akwai wani Bamisire mai ɗaukar waƙa, zai kai mu.

Al Quoz ba ta cikin Dubai ɗin da ake nunawa a waya. Sito ne bayan sito, gareji bayan gareji, da manyan motoci, da leburori cikin shuɗin kaya. Situdiyon Bamisiren, mai suna Magdi, yana saman wani sito, ana hawa da tsanin ƙarfe. Ɗaki ne da aka manne wa soso a bango, babu jar kujera, amma na'urar tana aiki. Magdi ƙaton mutum ne mai kofin shayi manne a hannu, Turancinsa bai fi Larabcina ba, don haka Alhaji ne tafinta.

Wahalar wurin biyu ce. Bango ɗaya suke da masu yankan ƙarfe, kuma injinsu ba ya shiru sai tsakar rana, lokacin da ake sallamar leburori su huta saboda zafi. A wannan ɗan tsakanin kaɗai ake iya ɗauka. Na biyu, dole a kashe esi, don makirufo yana kama hucinsa. Wannan ya yi wa maƙogwaron Rifkatu daɗi. Ni kuwa na zubar da gumin da zai yi noman rani. Kullum mu fito da sassafe, bas biyu, mu zauna a kan kwalaye a siton Alhaji muna jiran ƙarfe ya yi shiru, mu hau tsani, mu yi abin da ya samu, injin ya tashi, mu sauko.

Magdi yana da wata ƙa'ida. Kafin kowace waƙa sai ya ɗaga yatsa sama, sannan ya nuna ni, ya yi tambaya da Larabci. Alhaji ya ce, "Wai ta Allah ce ko ta miji?" Na tambayi abin da ya shafe shi. Ya yi bayani: idan ta Allah ce, yakan ja mawaƙi baya kaɗan daga makirufo, ya sa wa muryar amsa-kuwwa, ta yi faɗi kamar a cikin babban ɗakin ibada. Idan ta masoyi ce, sai a matso da baki dab da makirufo, ba amsa-kuwwa ko kaɗan, a ji har numfashi, kamar ana raɗa a kunne. Ya ce shi ba ya jin yarenmu, amma ba zai yi wa Allah raɗa ba, ba kuma zai yi wa miji kuwwa ba.

Haka muka riƙa yi. Wannan ta sama, wannan ta ƙasa. Alhaji, wanda ya ce rakiya kawai zai yi mana ranar farko, kullum sai ga shi a kan tsani wai kwantenarsa ce ba ta iso ba. Idan ta soyayya ce ya riƙa kaɗa ƙafa. Idan ta coci ce ya fito da carbi ya kalli silin.

Muryar Rifkatu kuwa kullum raguwa take. Ranar farko ta yi waƙa biyu ta nemi ta uku. Daga baya ɗaya ma sai an yanka ta gida-gida, ta yi baiti, ta sha zuma, ta dafe wuya. Da muka zo kan waƙar ƙarshe bizarmu ta zo gargara, muryar kuma ta koma kamar zare. A kan tsani ta raɗa mini cewa sau ɗaya za ta iya, idan ta ɓaci shi ke nan.

Waƙar ƙarshen ita ce wadda aka san mu da ita. Rifkatu ke farawa:

Angona ka daɗe,
Na share ɗaki, na kunna fitila,
Zo ka ɗauke ni, na gaji da jira.

Ni kuma in amsa:

Ga ni nan tafe, amaryata,
Mota ce ta mutu a Kwanar Dangora.

A wajen biki idan na kai nan sai in bar fiyano in yi kamar ina tura mota, mata su yi guɗa, a yi ta liƙi. Shekara ashirin da ɗoriya ina gaya wa duk wanda ya tsaya cewa ni ne angon da aka yi wa waƙa.

Magdi ya ɗaga yatsa sama, ya nuna ni. Na bugi ƙirji na ce, "Ta miji ce, habibi, ga mijin."

Rifkatu ta ce, "Ta Ubangiji ce."

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

A wajenmu Kirista akan kira Almasihu Ango, jama'ar coci kuma amaryarsa mai jiran ya dawo ya ɗauke ta. Duk wanda ya taɓa ɗumama bencin coci ya san wannan. Ni ma na sani. Ban dai taɓa kawo shi kusa da waƙar nan ba.

Alhaji ya dube ni, ya dube ta, ya miƙe. "Fasto, wannan ba ta tafinta ba ce. Bari in yi azahar." Ya sauka.

Na ce, "Maman Godiya, wasa kike yi?"

"Ka tuna lokacin da na yi ta?"

"Na tuna mana. Na dawo daga Kano, motar kasuwa ta mutu mana a hanya, muka yi ta turi. Na iso da magariba na ji kina yi a ɗaki, na amsa miki ta taga."

"Kafin wannan fa?"

Kafin wannan shi ne ɗanmu na fari, wanda bai kai ga suna ba. Ba ma maganarsa. Ni na binne shi da barkwanci, na ɗauka ita ma ta binne shi da addu'a.

Ta ce, a hankali, don muryar ba ta da ƙarfin da ya wuce haka, "Na share ɗakin, na yi wanka, na ɗaura zanen aurena. Ba kai nake jira ba, Baban Godiya. Roƙo nake ya zo ya ɗauke ni in tafi inda yaron ya tafi."

Na zauna a kan wani akwatin lasifika. Duk bukukuwan nan suka riƙa wucewa ta gabana, ni ina tura motar ƙarya, ita tana tsaye da makirufo tana murmushi.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Kana jin daɗinta. Mutane suna dariya. In ce me?"

Magdi ya ƙwanƙwasa gilashin agogonsa, ya nuna bangon masu ƙarfe. "Yalla, habibi."

Na ce, "To ki yi ta ke kaɗai. Wane ni in amsa kiran da ba nawa ba? Shekara nawa ina tsaye a gurbin Ubangiji ina cewa mota ta mutu. Ba zan ƙara ba."

"Faifan mutum biyu muka zo yi."

"Sauran sun isa."

"Ba su isa ba." Ta yi tari, ta kurɓi zuma. "Shi na kira, sai kai ka leƙo ta taga da baƙin mai a goshi kana waƙar mota. Rabona da dariya tun ranar da aka kai yaron. Ranar na yi har na zauna a ƙasa. Ni ban san yadda ake tsara aike a can sama ba, wanda ya zo shi na gani. Yanzu muryar waƙa ɗaya ta rage mini, kana sa ni ina ƙarar da ita a gardama."

Na tashi daga kan akwatin na ɗauki abin kunne na sauraron kiɗa.

Alhaji ya hawo yana share ruwan alwala a gemu, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai tambaya ko an gama. Magdi ya sake ɗaga yatsa, ya sake nuna ni, ransa ya fara ɓaci. Rifkatu ta ce, "Alhaji, ka ce masa baitina ya sa masa amsa-kuwwa, na maigida ya bar shi kusa."

Alhaji ya fassara. Magdi ya yi dogon ƙorafi da hannu biyu. Alhaji ya ce, "Wai ba a haka, za a ji kamar ɗaya yana masallaci ɗaya yana ɗaki." Ya ƙara da nasa, "Ni dai na ce masa ya yi yadda Maman Godiya ta ce."

Magdi ya ja ta baya daga makirufonta, ya tura nawa har yana taɓa mini leɓe. Kiɗan ya shigo mana a kunne. Ta fara. Muryar nan da ta zama zare, da amsa-kuwwa ta ɗauke ta sai ta buɗe, ta cika wani ɗaki da babu shi a Al Quoz. A karo na farko na saurari abin da take faɗa. Da ta kai "na gaji da jira" ta rufe ido, na ga jijiyar wuyanta tana rawa.

Layina ya zo. Na yi waƙar nan sau dubu ba adadi, a buge da gajiya, a tsaye, a kan mota, ban taɓa kuskure ba. Ranar a kan "amaryata" muryata ta tsage gida biyu. Na ja sauran da ƙyar, Kwanar Dangora ta fito kamar mai karanta sanarwar rasuwa. Muka kai ƙarshe tare, ita can nesa, ni nan kusa. Magdi bai gama ɗaga hannu ba injin ƙarfe ya tashi.

Na cire abin kunne na ce a gaya masa gobe zan sake nawa baitin, na ɓata shi. Magdi ya ce babu damuwa, nawa ana iya sakewa ba tare da nata ba. Rifkatu ta buɗe baki za ta yi magana, babu abin da ya fito sai iska. Ta sake gwadawa, iska. Sai ta kama hannun rigata ta girgiza kai, ta nuna na'urar, ta yi alamar a bar shi.

Magdi ya kalle ni. Alhaji ya ce, "Khalas, Fasto. Mai waƙa ta yanke hukunci." Ya juya yana fyace hanci, wai ƙurar ƙarfe ce.

Shi ya kai mu filin jirgi da kansa, ya cusa wa Rifkatu wata kwalbar zuma a jaka, ya ce in gaishe masa da 'yan kwaya.

An yi aikin bayan mun dawo. Tana magana, tana yi mini faɗa yadda ta saba, har ta fi da. Waƙa dai ba ta dawo ba. A coci yanzu a benci take zama, tana kaɗa kai idan yaran sun yi daidai, tana ɗaga gira idan sun kauce. Ni ina nan ina zuwa biki. Duk inda na je sai an yi ihu a ce in yi ta Kwanar Dangora, sai in kunna musu faifan in koma bayan fiyano in zauna. Suna dariya daidai inda suka saba. Idan tana wurin, ita ma tana yi. Ni ne dai har yau ban iya ba.